Wasiƙa zuwa ga Alhaji, kan hannun Auta

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, ya zafin Kano? Na san na yi laifi, wata huɗu shiru, sai ka ci tarata in na zo. Saƙonka na murya ya iso, mai minti 9, wanda minti 6 daga ciki labarin bikin gidan su Dogo ne. Allah ya sanya alheri. Sauran minti 3 ɗin, inda ka tambayi abin da ke damun jifan ɗanka Auta a wasan besbol na kwalejinsu a Amurka, su ne suka zaunar da ni rubutu, don maganar hannun Auta ta fi ƙarfin waya.

Ka fara gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Ba wanda ya yi wa yaron nan jifa. Shi ne dai mai jifan, jifan nasa ne kuma ke kauce wa hanya. Ba shi kaɗai ba ne ma. A wasanni ukun da ƙungiyar besbol ɗin kwalejinsu (wasan da ɗaya ke jifan ƙwallo, ɗaya na duka da sanda) ta buga ƙarshen makon nan, Juma'a, Asabar da Lahadi, kusan duk masu jifansu ciwo ɗaya ke damunsu: ƙwallon na da gudu, amma ba ya zuwa inda aka aike shi. Ka tuna dokar, in jifa huɗu suka kauce wa yankin da aka iyakance, mai sanda bai kai duka ba, sai ya taka zuwa tashar farko kyauta. A kwaleji kuma da sandar ƙarfe ake duka, ba ta itace ba. Ka ba mutum biyu kyauta, na uku ya samu ƙwallon a tsakiya, shi ke nan an zuba maka maki uku.

Bari in nuna maka ƙanƙantar abin da ake faɗa a kai. Daga robar da mai jifa ke takawa zuwa farantin gida, alamar da ke ƙasa gaban mai sanda wadda ake so ƙwallon ya bi ta samanta, ƙafa 60 ne da inci 6. Faɗin farantin inci 17 kacal. Mai jifa yana sakin ƙwallon kamar ƙafa 6 gaba da robar, to a sauran tazarar, kuskuren digiri ɗaya tak a wurin saki yana kaucar da ƙwallon kusan inci 11, fiye da rabin farantin. Shi ya sa masu ihu daga kan benci cewa ya jefa tsakiya kawai suke ba ni haushi. Shi ma tsakiyar yake nema.

Abin da ke damun Auta a ƙafa yake farawa. Bahago ba ne shi, da dama yake jifa, saboda haka ƙafar hagu ce ke sauka gaba. Tana sauka can hagu da layin da ya kamata, kuma da diddige. In ta sauka haka, ƙugu ya buɗe da wuri, kafaɗar gaba ta bi shi, hannu kuma yana baya bai gama ɗagowa ba. Sai ƙwallon ya fita kafin lokaci, ya tashi sama ya nufi kafaɗar mai sanda na dama. Da ya ga haka sai ya ce bari ya gyara, ya riƙe ƙwallon fiye da kima, ya fizgo shi ƙasa ta ɗaya gefen, ya daki ƙasa kafin faranti. Mai kallo zai ce matsala biyu ce, alhali uwa ɗaya ta haife su. Gwajin ba ya cin kuɗi: a ja layi da alli daga tsakiyar ƙafar baya zuwa faranti, a share ƙasar tudun da mai jifa ke tsayawa a kai, ya yi jifa 10, a duba sawu. Ya kamata sawun su hau kan juna, a kan layin ko inci 2 zuwa 3 dama da shi, tsawon takun kuma kamar kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na tsayinsa. In sawu 10 suka zauna wuri 6, ba sai an tambayi hannu komai ba.

Randy Johnson, ƙwararren mai jifa, dogon nan mai ƙafa 6 da inci 10, shi ya fi kowa ba da kyauta a gasarsu shekara uku a jere, 1990 zuwa 1992. A 1991 kaɗai ya ba da 152. A 1992 Nolan Ryan, wani gogaggen mai jifa, ya nuna masa cewa da diddige yake sauka, ya koma sauka da gaban tafin ƙafa. Johnson ya gama wasa da lambar yabo ta Cy Young, ta gwarzon mai jifa na shekara, guda 5. Ka gaya wa Auta wannan, ko ka bari ni in gaya masa, don kai za ka ƙara masa da wa'azi.

Laifin da nake ɗora wa masu horar da su shi ne na'urar auna gudu. An kafa ta a wurin atisaye, kowane yaro ya saki ƙwallo sai ya waiga ya ga lamba. Kowa na farautar mil 90 a awa, don ita masu neman ’yan wasa ke rubutawa a takarda. Yaron da jikinsa ke daidai a mil 86 in ya matsa wa kansa sai ya kai 90, kai ya karkace, ido ya bar safar mai cafe, wanda ke tsugune bayan faranti, wurin saki ya riƙa yawo. Sandy Koufax, shahararren mai jifa, ma da haka ya fara. A 1954, yana Jami'ar Cincinnati, kusan kowane zagaye (wasa ɗaya zagaye 9 ne) sai ya ba da kyauta, kuma ya kwashe shekaru 6 a ƙungiyar ƙwararru ta Dodgers ana fama. Sai a atisayen farkon 1961 mai cafe masa, Norm Sherry, ya shawarce shi ya rage ƙarfi. Daga nan ne aka ga Koufax ɗin da ake labari. Ni da za a ji tawa, da an rufe fuskar na'urar nan wata guda.

Af, kafin in manta, wai da gaske ne Malam Ƙarami ya sayar da tsohuwar motar nan? Wa ya saya, kuma me ya yi wa Allah? Motar da sai an tara unguwa kafin ta tashi. Ka ce masa ina jiran kasona na turi.

To, riƙo. Ƙwallon na da ɗinki 108, kuma tun 2015 kwalejoji suka koma mai kwantaccen ɗinki, ba mai tudu irin na da ba, ga shi yaran da yawa sun taso da mai tudun a sakandare. Kakar wasa kuma tsakiyar Fabrairu take farawa, a jiharsu lokacin yatsu ba sa jin komai don sanyi. Mai jin ƙwallon zai suɓuce masa sai ya cusa shi can cikin tafi ya matse, wuyan hannu ya sandare. Daidai shi ne yatsa biyu su gitta ɗinkin, babban yatsa a ƙasa daidai tsakiyarsu, a bar ɗan sarari tsakanin ƙwallon da tafi, riƙo irin na ƙwai. A taɓa jakar garin ƙaro da ke bayan tudu, a sa riga mai kauri tsakanin zagaye. Kuma har sai abin ya daidaita, ya tsaya kan jifa iri biyu, miƙaƙƙe mai gudu da mai rage gudu. Mai lanƙwasar nan da yake alfahari da shi ya jira tukuna.

Wani abin da na lura da shi a dukkansu: da zarar mutum ya hau tasha sai su rikice. Dalili a fili yake. A atisaye suna jifa da cikakken juyi, a wasa kuwa mafi tsananin jifa ana yinsa ne daga gajeriyar tsayuwa, wadda ake yi ba cikakken juyi in akwai mutum a tasha, ana satar kallonsa kada ya ruga tasha ta gaba, ana so ƙwallon ya isa hannun mai cafe cikin daƙiƙa 1.3, ga agogon daƙiƙa 20 na ƙirgawa. Ƙafa ta yi sauri, hannu ya makara, mun koma gidan jiya. Aƙalla rabin jifan atisaye ya kamata ya zama daga gajeriyar tsayuwar, da mutum tsaye riƙe da sanda, ana ƙirga na ciki da na waje kamar a wasa. Jifa 30 da aka rubuta inda kowanne ya faɗa sun fi 60 na banza. Abin da ake nema jifan farko ya shiga sau 6 cikin 10, kyauta kuma kada ta wuce 3 a zagaye 9. Mai cafe ya daina zama a gefe-gefe, ya kafa safarsa a tsakiya, motsin ƙwallon da kansa zai kai shi gefe.

Amma ga wadda ba na wasa da ita, kuma ita nake so ka riƙe. Yaron da da yana jifa daidai, kwatsam ya fara kaucewa, gudunsa ya ragu da mil 2 ko 3, yana yarfe hannu bayan jifa, a duba gwiwar hannunsa kafin a taɓa salon jifansa. Akwai jijiya ta cikin gwiwar da ke ɗaukar wahalar, in ta fara yagewa saiti ne ke fara tafiya kafin zafi ya yi tsanani, wani lokaci da jin dindiris a ƙaramin yatsa da na kusa da shi. In ta tsinke sai aikin da likita Frank Jobe ya fara yi wa mai jifa Tommy John a 1974, jinyarsa kuwa wata 12 zuwa 18. Auta ya ce ba ya jin komai, amma ka san jininku, ko ƙafa ta karye sai ku ce ɗan targaɗe ne. Na sa shi ya je wurin mai kula da lafiyar ’yan wasa ranar Litinin. Ka'idar Pitch Smart, tsarin kare hannun masu jifa, ga ’yan shekara 19 zuwa 22 ita ce kada a wuce jifa 120 a rana, wanda ya yi 81 zuwa 105 kuma ya huta kwana 4. Ƙungiyar da ke ba da kyauta barkatai ita ke karya wannan, don mai farawa ya ƙare a zagaye na 4, sai a riƙa jan yara biyu ko uku da aka yarda da su kullum har su ma su lalace, ga wasa 56 a kakar.

Sai kai kanka, Alhaji. Ka daina kiransa bayan kowane wasa kana tambayar kyauta nawa ya bayar. Akwai irin wannan ciwon da ba na jiki ba ne. Steve Blass ya ci wa Pittsburgh wasan ƙarshe na World Series, gasar ƙarshe ta ƙwararrun besbol a Amurka, a 1971, a 1973 ya ba da kyauta 84 cikin zagaye 88 da ’yan kai, lafiyarsa ƙalau, bai kuma dawo ba. Rick Ankiel a 2000 ya yi jifa 5 da suka wuce mai cafe a zagaye ɗaya, ƙarshe sai da ya sauya matsayi a fili. Daniel Bard kam ya dawo a 2020 bayan shekaru a waje. Na Auta bai kama hanyar nan ba, don a atisaye ma kuskurensa iri ɗaya ne, kuma ana ganin dalilinsa a sawu. Amma yaron da ya hau tudu yana tunanin abin da zai gaya wa babansa da dare, yatsunsa za su matse. Ka kira shi ka tambaye shi karatu, ko ka ba shi labarin bikin su Dogo, minti 6 ɗin nan ba za su ɓaci ba.

Akwai wata tambaya da ka yi a ƙarshen saƙon, ta kwanta mini, kuma wayar na caji a ɗaki. Ka sake turowa. In mai zuwan nan bai taso ba tukuna, a ba shi yaji da kuka, ban da kilishi, kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama ya shigo. A gaida Hajiya, a gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Naka har kullum,
Makwabcinka na da