Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Tambaya Kan Wahala Da Lada A Koyarwar Yahudawa

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa, ga amsar tambayar da ka yi mini a bainar jama'a, inda ka ce ka ji malaman Yahudawa na cewa gwargwadon wahalar mutum gwargwadon ladansa, kana son sanin ko nufinsu mutum ya riƙa neman wahala da gangan, kuma ko duk wanda bai ci nasara ba rago ne a wurinsu.

Maganar da ka ji tana nan a Pirke Abot, wani sashe na Mishna, wato kundin koyarwar baka ta malaman Yahudawa, wadda Rabbi Yehuda HaNasi ya tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, kuma ana jingina ta ga wani malami mai suna Ben He He. Sai dai ba a karanta ta ita kaɗai. A cikin sashen ne Rabbi Tarfon, wanda ya ga zamanin da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70, ya ce ba a ɗora wa mutum kammala aiki ba, amma kuma ba shi da izinin janye hannu daga gare shi. Mutanen da suka rasa wurin ibadarsu mafi girma ne suke faɗin haka, shi ya sa nake ganin nauyin maganar. Ƙoƙari shi ne wajibi, sakamako kuwa na Allah ne.

Game da zargin ragwanci, Talmud, littafin da ya tattara sharhin malamansu kan Mishna, ya kawo cewa Rabbi Yitshak ya ce kada a gaskata wanda ya ce ya wahala bai samu ba, amma nan take aka ƙayyade cewa wannan ga neman ilimin Attaura ne, domin a harkar kasuwanci sai da taimakon Allah. Ashe ke nan talakan da ya yi iyakar yinsa bai samu ba, babu mai ɗora masa laifi. Bahya ibn Pakuda, malamin Yahudawa na Andalus a ƙarni na 11, ya keɓe babi guda kan tawakkali a littafin da ya rubuta da Larabci, inda ya nuna cewa dogaro ga Allah ba ya sauke wa mutum nauyin neman abinci ta halal.

Batun neman wahala kuwa, labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Rabbi Yohanan, wanda ya je duba almajirinsa Rabbi Hiyya bar Abba yana kwance ba lafiya. Ya tambaye shi ko yana son wannan wahala, mara lafiyar ya ce ba ya son ta, ba ya kuma son ladanta. Malamin bai yi masa wa'azin haƙuri ba, sai ya ce ya miƙo hannu, ya tashe shi. Da Rabbi Yohanan ya kwanta shi ma, Rabbi Hanina ne ya zo ya tashe shi, kuma Talmud ya ce dalilin da ya sa bai tashi kansa ba shi ne ɗan kurkuku ba ya fitar da kansa. Ina roƙonka, idan ka sake jin an jefa wa mara lafiya ko wanda ya yi asara maganar Ben He He, ka tuna wa mai jefawar wannan labari.

Wassalam,
ɗan'uwanka.