Ɗan tsuntsun nan mai guntuwar jela

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka yi tambaya kan ɗan tsuntsun da ka ce kamar an fige masa jela. Ba abin da ya same shi, halittarsa ke nan. Masana na kiransa Sylvietta brachyura, suna da aka ba shi tun 1839, kuma yana zaune a busassun dazuzzukan ƙaya tun daga Senegal, ta arewacin Najeriya da kudancin Nijar da Cadi, har Habasha da Kenya.

Tsawonsa bai wuce santimita 9 ba. Bayansa toka-toka ne, ƙirji da ciki ruwan ƙasa mai ɗan ja-ja, da zane mai haske a saman ido da wani mai duhu da ya ratsa idon. Baki siriri, ya ɗan lanƙwasa. Sai dai kada ka dogara da launi, don hasken rana yana ruɗin ido. Jelar ita ce shaida: in ya naɗe fukafukai, da ƙyar take leƙowa. Inda aka fi kuskure shi ne a ɗauke shi a matsayin camaroptera, wani tsuntsu wanda shi ma ƙarami ne. Amma wancan yana ɗaga jelarsa sama, fukafukansa na da ɗan kore, kukansa kuma kamar na ɗan akuya.

Ka neme shi daga fitowar rana zuwa hantsi, a bagaruwa, dakwara, farar ƙaya ko magarya. Tsaya taku goma daga itacen, ka yi shiru. Ba ya son fili. Bin reshe yake yi yana tsintar tsutsa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo, wani lokaci har ya rataya kansa ƙasa. Yawanci ɗaya ne ko biyu.

Sheƙarsa ce ta fi burge ni. Kamar 'yar jaka take, a rataye a ƙarshen siririn reshe, saƙaƙƙiya da ciyawa da zaren ɓawon itace, an ɗaure da yanar gizo. A waje yakan manna guntayen busassun ganye, sai ka rantse tarkace ne iska ta kwaso. Ƙwai biyu aka fi samu a ciki. Matsalar ita ce ba ta da nisa da ƙasa, don haka masu sassaɓe reshe wa awaki kan sare ta ba su sani ba. In ka dace da ɗaya, kada ka janyo reshen don ka leƙa. Ƙwan kan iya mirginowa, kuma yawan zirga-zirga a gindin itacen na nuna wa masu farautar ƙwai hanya. Madubin hangen nesa daga inuwar wani itacen ya ishe ka.

A gaida mutanen gida.

Naka, amininka.