Zuwa ga ɗana, a kan rufin gidansa na Badagry

Agege, Legas

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara.

Kawunka ya dawo daga unguwar Mile 12 ta nan Legas da wani labari da bai yi mini daɗi ba. Wai ka ba wani kafinta kwangilar rufin, aiki da kaya duk a wuyansa, kuma bandir-bandir na kwano mai araha zai sayo. In ƙarya ne, alhamdulillahi. In gaskiya ne, ka dakatar da shi tun bai buga ƙusa ɗaya ba.

Zaɓen kwano da ka yi ba laifi ba ne. Ƙasar wajen nan yashi ce da fadama, rufi marar nauyi shi ne rahama ga tubalin gini, ba kamar zubin kankare ba wanda in ya tsage yoyonsa ba ya jin magani. Kwano ba ya cin wuta, gara ba ta cin sa, ruwa ba ya kwana a kansa, kuma in ka sa masa indararo da tanki ka huta da sayen ruwan wanki duk damina. Amma kwano iri-iri ne. Kai bakin teku kake, iskar da ke kaɗa maka gishiri take ɗauke da shi. Kwanon ƙarfe mai siririn shafin zinki da zai daɗe a Kano, a wurinka tun daga ramin ƙusa tsatsa za ta fara cin sa. Alminiyam za ka sa, dogon falle wanda ake yanka maka daidai tsawon rufin, daga tsororuwa har baki babu haɗi a tsakiya. Kauri milimita 0.55, kada ka sauko ƙasa da haka. Kuma kada ka yarda da abin da aka rubuta a rasit. Ana sayar da 0.45 da sunan 0.55. Ka je da kanka, a sa ma'aunin kauri a falle kana kallo.

Abin da ke hana ni barci kuwa iska ce. Ruwan farko na watan Maris da Afrilu da guguwa yake zuwa, wani lokaci cikin dare. Iska ba danne rufi take yi ba, ɗaga shi take, ta shiga ta ƙarƙashin baki ta tsotso ta sama. Inda ƙusa ta yi tsatsa, ramin ya faɗaɗa, falle ɗaya ya ɗago, sauran sai su bi shi. Wani lokaci ma ba kwanon ne ke tashi ba, katakon ne gaba ɗaya, don an ɗora shi kan bulo ba a ɗaure ba. Jikokina a ƙasa suna barci! Falle da ya tashi wuƙa ne, ba ya tambayar wa ya tarar.

Saboda haka ka tsaya a kan waɗannan. Katakon da ke kwance kan bango a ɗaure shi da rodin da aka bari tun lokacin zuba kankaren saman bulo, a lanƙwaso a rungume shi, ba ƙusa kawai ba. Kowane katako a shafe shi da maganin gara kafin ya hau. Ƙananan katakan da ake buga kwano a kai kada tazararsu ta wuce santimita 90, a bakin rufi da kusurwoyi kuma a matso da su, a ƙara yawan ƙusa, nan iska ke fara kamawa. Ƙusar ta zama ta alminiyam ko wadda ba ta tsatsa, mai hula da roba, a buga ta kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Baƙin ƙarfe in ya haɗu da alminiyam cikin danshin gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Ɗanyen siminti ma yana ƙona shi, masu filasta su kiyaye. Rufin ya samu gangare sosai, ruwan Yuni ba wasa ba ne. Launi kuma mai haske, da silin da 'yar kafar shan iska, zafi da ƙarar ruwa za su ragu.

Na san za ka ce na cika sa baki, kuɗinka ne. Haka ka ce lokacin filin, ka kuma ga yadda aka ƙare. Kana da kuɗin tayil na falo da ƙofar ƙasar waje, amma rufi ne za ka yi wa ƙwauro? Araha ba ta ado. Wa zai ga tayil ɗin in ruwa ya cika ɗakin?

Ban faɗi haka don in ƙasƙanta ka ba. Yaron da ya tsayar da gini a Legas da guminsa ya yi abin a yaba, mahaifiyarka kullum sai ta sa maka albarka. In kuɗin ne bai kai ba, ka rufe ɗakuna biyu da kaya mai kyau, sauran su jira bayan damina. Ka turo kafintan ya same ni ranar Juma'a bayan masallaci, ya zo da takardar awon rufin.

Ka gaishe mini da yara. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka