Wasiƙa zuwa ga ɗana, kafin ka sa hannu a takardar banki

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta faɗa mini ka samu aikin ma'aikatar harkokin waje, na kuwa yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Ta kuma ce har ka fara zancen cin bashin banki ka gina babban gida. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Akwai wani Ba'amurke, Bayard Taylor, da nake so ka san labarinsa, don irin zuciyarku ɗaya: son yawon duniya da son alƙalami. An haife shi a 1825 a Kennett Square, jihar Pennsylvania. Yana ɗan shekara 19 ya tsallaka Turai da guzurin da bai taka kara ya karya ba, ya yi shekara biyu yana zaga Jamus da Italiya da Faransa, akasari da ƙafa, yana aika wa jaridun gida labarin abin da ya gani. A can ya koyi Jamusanci. Jaridar New York Tribune ta tura shi California a 1849, lokacin da ake rububin zinariya. A 1851 ya shiga Masar, ya bi kogin Nilu har Khartoum. A 1853 yana cikin jiragen ruwan Perry, kwamandan sojan ruwan Amurka, da suka je Japan. A 1862 kuma, ana tsaka da yaƙin basasar ƙasarsa, ya yi aiki a ofishin jakadancin Amurka a Rasha.

To, mutumin nan da yana matashi jakar baya ta ishe shi, da ya yi suna sai ya gina katafaren gida kusa da garinsu, ya sa masa suna Cedarcroft. Gidan ya ci kuɗi fiye da ƙarfinsa. Ya koma bin gari gari yana lacca don a biya shi, yana rubutun gaggawa don toshe kafa, har jikinsa ya gaji. Alhali abin da ransa ke so shi ne rubuta tarihin Goethe, mawaƙin Jamus. Da aka naɗa shi jakadan Amurka a Jamus a 1878, ya sa ran lokacin ya zo. Watanni kaɗan da isarsa ya rasu a Berlin, cikin Disamba, yana da shekara 53, littafin bai rubutu ba. Ajali na Allah ne, amma shekarun da bashi ya cinye suna ba ni tausayi.

Aikinka na ƙaura ne, yau kana wannan ƙasa, gobe wata. Gidan da ba za ka kwana a ciki ba, me ya sa zai riƙa yanke maka albashi kowane wata? Sayi fili in ka samu hali, ka killace shi, ka bar ginin tukuna. Sa ƙarfinka a koyon harshen duk ƙasar da aka kai ka, ka shiga kasuwarsu, ka rubuta abin da idonka ya gani.

Idan za ka zo hutun Sallah, taho da takardun bankin mu duba tare. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Mahaifinka