Shirinku kan cocin Shendam: ina kuka bar su katekis?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na daren Lahadin nan tun daga sallama har kiɗan rufewa, kuma da ɓacin rai na kwana. Shekara da shekaru ina jin gidan rediyonku ban taɓa ɗaukar biro na rubuto muku ba, amma wannan karon haƙuri ya gagare ni. Kusan awa guda kuka yi kuna ba da tarihin cocinmu na Shendam da firistocin da suka yi aiki a cikinsa, amma bakin mai gabatarwa bai furta kalmar katekis ba ko sau ɗaya, wato malaman da ke koyar da addini su riƙe cocin ƙauye in Fada ba ya nan. Har na tambayi mai ɗakina ko kunnena ne ya fara nauyi, ta ce ita ma abin da take jira ta ji ke nan har shirin ya ƙare.

Abin da kuka faɗa daidai ban musa ba. Gaskiya ne ranar 12 ga Fabrairu, 1907 su Fada Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin na ƙungiyar firistocin mishan ta SMA suka iso Shendam, bayan sun biyo kogin Binuwai cikin jirgin ruwa daga Lakwaja suka ƙarasa ta tudu. Gaskiya ne nan ne mishan ɗin Katolika na farko da ya zauna da gindinsa a arewacin kogin Kwara da Binuwai, shi ya sa har yau mutanen Jos da Kaduna in ana maganar asali sai sun waiwayo garinmu. Kun ambaci Kyaftin Ruxton, Razdan na lardin Muri, wanda ya buɗe musu ƙofa. Kun faɗi 1911 da aka mai da yankin ƙasar mishan mai cin gashin kanta, daga baya aka ɗora Waller a kai, kun faɗi 1934 da aka raba ta gida biyu, Jos da Kaduna. Duk na ji, kuma ni ma ina girmama mutanen nan. Sun baro ƙasarsu sun zo sun sha zazzaɓi da zafin kwarinmu, sun riƙe fartanya a gonar Demshin. Allah ya jiƙansu.

To amma Malam Edita, Turawa uku da ba su jin yaren ƙasar, wa ya yi musu tafinta a gaban Long Goemai, sarkin ƙabilarmu ta Goemai? Wa ya nuna musu hanyar ƙauyuka, wa ya gaya musu wace rana ce ba a shiga gari, wane dattijo ake fara gaisarwa? Mai gabatarwarku ya yi ta yaba wa Fada Sirlinger saboda ƙamus ɗin Goemai da ya rubuta a 1937 da littafin nahawu na 1942. Ya cancanci yabo. Sai dai kowace kalma da ke cikin ƙamus ɗin nan daga bakin wani ɗan ƙasa ta fito, wanda ya zauna da shi yana maimaita masa har ya kama sautin. Waɗannan mutanen ne kuka tsallake kamar ba a taɓa yin su ba. Af, kuma ku gaya wa mai gabatarwar ya daina ce mana Ankwai a iska. Sunan da muke kiran kanmu Goemai ne.

Kakana katekis ne. Sama da shekara talatin ya yi yana riƙe da wani ƙaramin coci na ƙauye da ke ƙarƙashin Shendam, cocin laka mai jinkar ciyawa, wanda shi da 'yan'uwansa suka kwaɓa ƙasarsa da ƙafafunsu. A hannunsa na tashi, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. A zamanin nan Fada ba ya zuwa ƙauyenmu sai rangadi ya biyo ta kanmu, wani lokaci wata biyu, in damina ta yi nisa rafi ya cika kuwa sai a fi haka. Duk Lahadin da ke tsakani kakana ne ke buga ƙararrawa, wadda ba komai ba ce illa tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro. Shi ne zai ja addu'a, ya karanta Bishara da Hausa, ya fassara wa tsofaffi da Goemai, ya yi wa'azi, ya ƙirga baiko a gaban shaidu biyu ya ƙulle a tsumma ya ajiye wa Fada. Da yamma ya tara mu yara a gindin bishiya yana koya mana katikisim, tambaya da amsa, daga nan ya zarce da abacada a kan ƙasa da ɗan tsinke. Ni da na zo na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, harafina na farko a kan turɓayar nan na rubuta shi.

Akwai daren da ba zan manta ba. Ina ɗan shekara tara ko goma aka buga mana ƙofa tsakar dare, ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya, aka ce jaririn wata maƙwabciya yana shiɗewa. Kakana ya miƙa mini fitilar ƙwai ya ce in wuce gaba. Muka ratsa gonar doya, laka har gwiwa. Da muka isa ya karɓi ruwa a ƙoƙo ya yi wa yaron baftisma, ya zauna da uwar yana jan rosari har asuba, lokacin da yaron ya cika. Da gari ya waye shi ya shiga cikin masu haƙa kabari, shi ya yi addu'ar binnewa, sannan ya dawo gida ya buɗe littafinsa mai baƙin bango ya rubuta sunan yaron da rana da wata, don in Fada ya zo ya shigar a babban rajista. Rajistar nan da mai gabatarwarku ya ce ya je ya duba yana ta mamakin kyawun rubutun Turawa, da yawa daga sunayen da ke ciki daga irin wannan littafin aka kwafe su.

In Fada zai zo rangadi, tun sati guda kafin nan gidanmu ba hutu. Kakana zai bi gida-gida yana tantance waɗanda suka isa baftisma, waɗanda za su karɓi tarayya ta farko, masu son ɗaurin aure a coci, da ma'auratan da suka yi faɗa ake son a sasanta kafin Mas. Fada zai iso a kan babur, ya ji furcin zunubi, ya yi Mas, ya kwana ɗaya ko biyu ya wuce gaba. Kuma Fadan da kansa ya san haka, domin na sha jin yana cewa a gaban jama'a in ba don Malam ba da babu abin da zai tarar. Abin da ake ba kakana a ƙarshen wata bai isa gishiri da kananzir ba. Kakata ce ke riƙe da gidan da daddawar da take kaiwa kasuwa, ita ce kuma ke tara mata suna shafe ɗaɓen coci kafin Kirsimeti da Ista. Su ma 'yan Zumuntar Mata, da suka ɗauki yashi da ruwa a ka aka gina rabin coci-cocin ƙasar nan, ban ji kun ambace su ba.

Sai kuka yi tsalle daga Bishop John Reddington zuwa Bishop Gabriel Ganaka, kuna murna cewa a 1974 ɗan ƙasa ya hau kujerar Jos, daga nan kuka faɗo 2007 lokacin da Shendam ta zama dayosis, wato yanki mai bishop nasa na kansa, da Bishop James Daman, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2015, har zuwa Bishop Philip Dung. Mun yi murna, ni ma ina cikin taron ranar da cocin Zuciya Mai Tsarki ya zama babban cocin dayosis, na yi kuka kamar yaro. Amma ku je ku tambayi duk wani Fada ɗan ƙasar nan wa ya fara koya masa Ubanmu wanda ke cikin sama, wa ya fara sa shi ya riƙe kyandir a gaban bagade, wa ya je ya lallashi ubansa ya bar shi ya tafi makarantar firistoci maimakon gona. Zai ambaci sunan wani katekis na ƙauyensu. Ni kaina na san yara biyu da suka zauna a gindin mangwaron nan tare da ni waɗanda daga baya aka shafe su Fada, kuma ranar Mas ɗinsu na farko dukansu sai da suka je kabarin kakana.

Abin da ya fi ƙona mini rai, jikokina suna zaune tare da ni ana shirin. Tun da rana na ce musu su zo su ji tarihin aikin kakan kakansu. Da aka gama ƙaramar ta dube ni ta ce, Baba, ai ba a faɗe shi ba. Ban sami abin ce mata ba. Ban sa rai ku san sunansa ba, su da yawa ne, kowane ƙauye daga Kalong zuwa Kwande zuwa Namu yana da nasa. Amma a ce irinsu gaba ɗaya ba su sami ko minti biyu ba a cikin awa guda?

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Me ya sa kuka mai da shirin farashin kayan gona ƙarfe tara na safe? Wane manomi ne ke zaune kusa da rediyo a lokacin? Da can bayan labaran dare kuke sa shi, mu ji yadda doya da shinkafa suka kwana a kasuwanni kafin dillali ya zo ya yi mana wayo. Ku mai da shi inda yake.

Roƙona shi ne ku sake aiko wakilinku Shendam, wannan karon kada ya tsaya a gidan Fada kaɗai. Ya hau babur ya shiga ƙauyuka. Akwai tsofaffin katekis da suka rage da rai, wasu idonsu ya tafi amma ƙwaƙwalwarsu garau take, kuma kowace shekara muna binne ɗaya ko biyu. Littafin kakana mai baƙin bango yana cikin akwatina, gara ta ci gefensa amma rubutun yana karantuwa. In wakilinku ya zo zan buɗe masa shi, kuma ni zan raka shi gidajen tsofaffin da ƙafata.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin makaranta, jikan katekis, daga Shendam, Jihar Filato