Wasiƙa a kan Tess da mijinta

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma sanyin can bai takura muku ba.

Ka ce in zaɓo maka littafin da za ka karanta a hutun nan. Nemi Tess of the d'Urbervilles na Thomas Hardy, wanda ya fito a 1891. Amma ka shirya, zai ɓata maka rai.

Tess 'yar talakawan ƙauye ce. Dokin da gidansu ke neman abinci da shi ya mutu, sai iyayenta suka tura ta gidan wasu attajirai da suke zaton danginsu ne. Can ɗan gidan, Alec, ya keta mata haddi a daji cikin dare. Ta koma gida, ta haihu, jaririn bai daɗe ba ya rasu. Limamin coci ya ƙi yi masa jana'iza irin ta Kirista, sai a wani lungun maƙabarta aka binne shi da dare. Alec kuwa ba wanda ya ce masa uffan, daga baya har wa'azi ya koma yi.

Duk da haka ba Alec ne ya fi ƙona mini rai ba, don shi muguntarsa a fili take. Angel Clare ne, ɗan limamin coci, mai ilimi, mai ganin kansa wayayye. Daren aurensa da Tess shi ya fara buɗe baki, ya ce ya taɓa yin kwana biyu da wata mata a Landan. Nan take ta yafe masa, har da murna, don ta ga ita ma yanzu za ta iya faɗar nata. Tana faɗa ya sauya fuska, ya ce ai ba ita ce matar da yake so ba. Shi da ƙafarsa ya je, ita kuwa ba da son ranta ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya tattara ya tafi Birazil, ta ƙare a gona tana tonon amfanin gona cikin ƙanƙara, talauci ya mayar da ita hannun Alec, daga baya Angel ya dawo yana nadama, ta kashe Alec, aka rataye ta.

Kada ka ɗauka Hardy ya zuzuta abin. Dokar saki ta 1857 a Ingila ta ba miji damar rabuwa da matarsa in ya tabbatar ta yi zina. Mace kuwa zinar miji kaɗai ba ta isa hujja ba, sai ta haɗa da wani laifin, kamar azabtarwa ko guje mata. Sai 1923 aka daidaita. Hardy kansa yana ɗan shekara 16 ya kalli rataye Martha Brown a Dorchester a 1856, matar da ta kashe mijinta.

Masu mujallu ma sun nuna halinsu. Wasu sun ƙi labarin, The Graphic da ta karɓa sai da aka yanke shi. Akwai inda Angel ya ɗauki 'yan mata masu tatsar shanu a hannu ya tsallakar da su ruwa. A mujallar sai a baro ya tura su, wai don kare tarbiyya. Rataye yarinyar bai dame su ba. Da littafin ya fito, Hardy ya rubuta a ƙarƙashin sunan littafin cewa Tess mace ce mai tsarki, masu sharhi da yawa suka yi masa ca.

Ina karantawa ina tuna unguwarmu. Yarinya ta yi ciki, a cire ta daga makaranta, ƙannenta su rasa manema, wanda ya yi mata kuwa bayan shekara ka ci shinkafar bikinsa. Kai da kake da 'ya'ya mata, ina so in ji ra'ayinka: da Angel ya dawo yana nadama, ya cancanci ta karɓe shi? Ni dai har yanzu zuciyata ba ta yafe masa ba.

Ka gaida mutanen gida. Inna tana gaishe ka, tana tambayar ko za ka zo babbar salla.

Naka amini.