Wasiƙa daga Madison ta Amurka: Ranar da Akuya Ta Kayar da Jarumina

Zuwa ga aminina Sarkin Dara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da amarya da yara duka. Ka faɗa wa Hajiya yajin da ta aiko ya iso, kuma shi ke riƙe da ni a sanyin garin nan.

Ka tambaye ni yadda nake cinye daren Juma'a tunda nan babu majalisa, babu teburin mai shayi. Zan gaya maka, amma don Allah kada ka kai ni gaba. Ɗan'uwanka, magidanci mai neman digiri na uku, zama yake da wasu ƙarti huɗu a gefen teburi har sha biyun dare, suna yaƙi da dodannin da babu su a duniya. Sunan wasan Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974, 'yan littattafai uku a cikin kwali. Garin da aka fara buga shi, Lake Geneva, yana nan jihar Wisconsin, nisansa daga inda nake bai kai Kano zuwa Zariya ba. Abokan wasana in suna ambaton garin sai ka rantse kakanninsu ne a binne a can.

Ka tuna tatsuniyar Inna a tsakar gida, yadda in ka katse ta da tambaya sai ka sha ranƙwashi? To wannan tatsuniya ce da aka halatta katsewa. Mutum ɗaya ke jan labari, yana zaune bayan wani kwali da ya kare takardunsa. Shi ne sarki, shi ne dodo, shi ne tsohuwar bakin rijiya. Mu kuwa kowa da jaruminsa a takarda, an ba shi maki a abu shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Sai mai labari ya ce kun iso ƙofar kogo, me za ku yi? Ka faɗi abin da ka ga dama, amma ba bakinka ke yanke hukunci ba. Dayis ne, irin na ludo, sai dai su har da mai fuska 4, da 8, da 10, da 12, da babban alƙalinsu mai fuska 20. In ka jefa 20 ta fito, ranar taka ce. In 1 ta fito, ka nemi inda za ka ɓoye fuskarka.

Nawa jarumin wada ne mai gemu har cibiya, gatarinsa ya fi shi tsawo, ƙarfinsa 17. Makon jiya mun zo wata siririyar gada, akuya ta tsaya a tsakiya tana tuƙa. Akuya fa, ba zaki ba. Na ce su matsa, a gidanmu da akuya muka tashi, ni zan ɗauke ta. Na hura wa dayis iska kamar yadda kake yi in kana neman siki, na jefa. 1. Mai labari ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya ce akuyar ta ja da baya taku uku. Sauran ka san shi. Da ni da gatari da gemu sai cikin kogi, akuya ta leƙo tana kallona. Wani a cikinmu dariya ta sa ruwan lemo ya fito masa ta hanci. Yanzu Angon Akuya suke kirana, kuma ni na fassara musu sunan da bakina, ka ji wauta.

Amma na rama a kasuwa. Mai labari ya zama ɗan tireda, ya ce igiya tsabar zinariya ɗaya. Su har sun kai hannu aljihu. Na ce a'a, ba a haka. Na kushe igiyar, na tambayi lafiyar iyalinsa, na yi kamar zan tafi, na dawo. Minti ashirin muna abu ɗaya, har bawan Allah ya haɗa gumi ya ce in ɗauka kyauta in tafi. Tun ranar ni ne ma'ajinsu.

Na san abin da za ka ce: caca. Wallahi ko kwabo ba a sawa, ba mai ci ba wanda ake ci, asarar kawai ta barci ce. Zancen bokaye da tsafin da ke cikin labarin kuma, su ma nan sun yi rigimarsa a shekarun 1980, lokacin da wasu iyaye da malaman coci suka ce wasan shaiɗan ne. Ni dai na ƙi ɗaukar boka, gatarina ya ishe ni.

Abin da ke ba ni haushi ɗaya ne. Akwai wani a teburinmu da ya haddace littafin ƙa'idojin bugun 2014, mai shafi sama da 300. Ana tsakiyar gumurzu, dodo ya buɗe baki zai yi aman wuta, sai ya ɗaga yatsa ya ce a shafi kaza ba haka aka rubuta ba. Shi kullum so yake jaruminsa ya yi nasara, ya lissafa komai kamar mai shirya kasafin kuɗi. Wata uku muna wasa, ban riƙe ko abu ɗaya da jaruminsa ya yi ba, akuyata kuwa har maƙwabta sun san ta. Kai ma da kake musu a kan kowane ɗan dara, na san a wane layi za ka zauna.

In Allah ya kawo ni hutu zan taho da dayis ɗin. Kai za ka ja labari, tunda a ƙarya mai tsari ba ka da na biyu. Mu sa Gizo da Ƙoƙi a ciki mu ga yadda za su ƙare da mai fuska 20. Akuya dai ban yarda ba.

Ka gaishe min da 'yan majalisa, ka ce wa mai shayi bashinsa yana raina.

Naka har kullum,
Angon Akuya